Ƙafar Auta

Inna mai kwalabe ba ta taɓa yin ciwon suga ba. A fara da wannan, don a kansa aka yi rigimar duka. Ciwon gwiwa ne nata, na tsufa da yawan tsuguno, irin wanda ke kama macen da ta ƙarar da ƙuruciyarta a gaban baho tana wanke abin da wasu suka sha suka yar. Sana'arta ke nan a bayan kasuwa. Ta sayi kwalabe, ta jiƙa, ta kankare takardar jikinsu, ta ɗauraye da ruwan zafi, ta kife su a rana, sannan masu turare da masu man shafawa da masu magani su zo su ɗiba.

Cikin masu ɗibar akwai wani mutum fes-fes mai laushin baki da ake ce wa Dokta. Ba a asibiti yake ba, a cikin waya yake aikinsa. Kullum zai fito da farar riga ya yi wa mutane bayani, su rage zaƙi, su riƙa tattaki, ga amfanin citta, ga na tafarnuwa. Wannan kam Inna ba ta ga aibunsa ba, don su ma da saiwa da ganye uwarsu ta raine su, ba su mutu ba. Wata rana ya ga yadda take dafa bango kafin ta miƙe, sai ya kawo mata wani man shafawa mai yaji. Ta shafa, gwiwa ta yi sauƙi. Gaskiya a faɗe ta, man nan ya yi aiki. Da ya dawo ya roƙe ta ta yi masa godiya a gaban waya, sai ta gyara ɗaurin kallabi ta yi, don ita ba butulu ba ce. Ta ce ta daɗe tana fama da ciwon gwiwa, ba barci ba aiki, amma tun da yaron nan ya ba ta maganinsa ta samu lafiya, Allah ya yi masa albarka. Ta koma kan bahonta, ta manta da zancen.

Matar ƙanenta ce ta zo ta tuna mata. Ƙanen nan shi ne autansu, tela ne, har ya yi furfura amma Auta take kiransa. Shi ne mai suga na gaske, shekara da shekaru yana kan allura. Matar ta iso da rana tsaka, ko zama ba ta yi ba ta miƙa mata waya.

"Yaya, ashe haka za ki yi mana? Kina da suga ba ki faɗa wa 'yan uwa ba, sai duniya?"

"Wane suga? Ke, lafiyarki kuwa?"

"To ga ki nan."

Ga ta nan kuwa, da kallabinta, da bahonta a baya. Amma Dokta ne ya fara fitowa, riƙe da wata kwalba mai baƙin ruwa. Kwalbar ma Inna ta gane ta, cikin masu dogon wuyan da take sayar masa ce. Ya ce a saurari wannan baiwar Allah da suga ya kusa kai wa kabari. Sai ga Inna tana cewa ta daɗe tana fama, ba barci ba aiki, amma tun da yaron nan ya ba ta maganinsa ta samu lafiya. Gwiwar ce kawai babu. An zare ta tsaf kamar yadda mahauci ke zare ƙashi daga tsoka.

"Ni?" in ji Inna. "Ni zai yanka ya haɗa? Da bakina?"

Sai matar ta fashe da kuka. Ashe tun ranar da Auta ya ga bidiyon nan ya ce in dai har Yaya, wadda ba ta yarda da kowa ba, ta yarda da mutum, to magana ta ƙare. Ya ajiye allura, ya sa aka aiko masa da kwalaben. Ana cikin haka ya taka fil a shago, ciwon ya ƙi warkewa, yanzu yatsa ya yi baƙi. An yi an yi ya je asibiti ya ƙi, baƙin ruwan nan yake sha, shi yake zuba wa ciwon.

Inna ta bar kwalabe a cikin kumfa, ta yafa mayafi.

Shagon Auta ɗan tsukuku ne, kayan mutane rataye a igiya ba a gama ba, ƙyallaye ko'ina a ƙasa. Keken ɗinkinsa na ƙafa ne, irin na da, kuma ƙura ta fara kwanciya a kansa. Shi kuwa yana zaune ya ɗora ƙafar dama a kan kifaffen bokiti, ya naɗe ta da ragowar yadi. Ya kunna turaren tsinke, amma hancin Inna ya wuce turaren ya jiyo abin da ke ƙarƙashinsa.

"Tashi mu je asibiti."

"Sannu da zuwa, Yaya. Ko gaisuwa babu?"

"Ka ci gaisuwar. Auta, ni ban taɓa yin suga ba. Gwiwa ce. Mutumin nan ƙarya ya yi da ni."

Ya yi murmushi irin na wanda ya kama babba da ƙarya.

"Yaya, ke ai ko mutuwa za ki yi sai kin ɓoye mana. Da aka yi miki aikin ido wa kika faɗa wa? Sai ganinki muka yi da auduga."

"Wallahi tallahi, na rantse da wanda raina ke hannunsa."

"To wace ce a cikin wayar? Aljana?"

"Ni ce, amma yanka maganar aka yi aka haɗa."

"Ni tela ne fa. In an yanka an haɗa, ina ganin wurin ko da ido ɗaya. Na kalli abin nan ya fi a ƙirga, ban ga ɗinki ba. Kunya kike ji kawai, an san sirrinki. Kuma Dokta ya faɗa, in ciwo ya yi baƙi, dafin ne ke fita."

Ku ji fa. Ga ta tsaye a gabansa da ranta da numfashinta, ita da ta goye shi, ta share masa majina, ta kai shi koyon ɗinkin nan da hannunta, amma wadda ke cikin gilashi ya gaskata. Ta zage shi, ta lallashe shi, ta ambaci kabarin uwarsu. Ya ce ta yi haƙuri, shi dai sai abin da likitansa ya ce. Ta dubi ƙafar, ta dubi keken. Da ƙafar nan yake ci da iyalinsa. In ta tafi, shagon ya tafi.

Ofishin Dokta yana saman bene, a kan wani shagon gyaran waya. Inna ta hau tana tsine wa kowace matakala. Ɗaki ɗaya ne, amma kamar gida biyu. Ɓangaren da waya ke kallo an yi masa fenti, ga wata kanta cike da manyan littattafai, ga shukar roba a tukunya, ga wata fitila zagayayya kamar zobe a kan sanda. Ɗaya ɓangaren kuwa duro ne da mazurari da kwalaye, da kwalabenta a jere. Tagogi a rufe ruf, har an toshe gefensu da soso don kada hayaniyar titi ta shiga magana.

"A'a, Inna! Tauraruwarmu da kanta!"

"Tauraruwar gidanku. Ina gwiwata?"

"Gwiwa kuma?"

"Gwiwar da na faɗa ka cire. Ina ka kai ta?"

Ya yi dariya, ya zaro takarda mai ƙamshi ya goge kujera kafin ya tura mata. Ta ƙi zama.

"Inna, bari in yi miki bayanin sana'ar. Na sa taki ta gwiwa yadda take, ko kare bai tsaya ya kalla ba. Gwiwa ba ta tara mutane. Suga, hawan jini, da matsalar maza, nan jama'a suke. Kuma ai ba ƙarya kika yi ba, kin ce maganina na aiki, yana kuwa aiki."

"Na shafawa na ce, ɗan banza, ba na sha ba!"

"Duk ganye ne, ba ya cutarwa. Ki duba kuma, kin san layin asibiti? Mutum ya wuni, likita ko fuskarsa ba zai kalla ba, ya yi masa rubutun da ba mai iya karantawa. Ni da harshensu nake yi musu magana. Wani ya rage shan zaƙi saboda ni, wata ta fara tattaki saboda ni. Wannan ba alheri ba ne?"

"Alheri ne. Shi ya sa suka yarda da kai, shi ya sa ka samu wuyan da za ka yanka. Ƙanena ya ajiye allurarsa saboda fuskata."

"Ni ban taɓa cewa kowa ya ajiye allura ba. A ƙasan kowane bidiyo an rubuta, a tuntuɓi likita."

"An rubuta! Ƙaryar da baki ka yi ta, da ƙarfi, gaskiyar kuma ka rubuta ta ƙanana kamar kashin ƙuda. Ni na iya karatu? Kuma wane likita za su tuntuɓa, bayan kai ka sa farar riga?"

Ya ce to, don girmanta zai goge bidiyon, ko da yake wasu shafuka sun riga sun kwafa, wannan ba hannunsa. Ya ce zai ƙara mata da man gwiwa kwali guda. Ta ce ya sha man. Abin da take so ɗaya ne, ya taso yanzu ya ga ƙafar da idonsa, ya gaya wa Auta ya tafi asibiti.

"Ai ba ma ganin marasa lafiya, Inna. Tsarin aikinmu ke nan. A rubuto mana, mu aika."

"Ba ka taɓa ganin ko ɗaya ba?"

"A hoto dai, wani lokaci."

Inna ta ƙare masa kallo. Ta dubi hannayensa masu laushi, ta dubi takardar ƙamshin da ya goge kujera da ita, ta dubi tagogin nan da aka toshe.

"Amma masu ba da shaida kana gani."

"Su kam ƙofa a buɗe take kullum."

"To shi ke nan. Na huce. Akwai wani dattijo da ya sha maganinka, bakinsa ba ya rabuwa da sunanka. In kawo shi?"

"Haba Inna, yanzu kika yi magana!"

Ba ta koma kasuwa ba. Ta tare tasi ta nufi shagon Auta.

"Tashi, likitanka na son ganinka. Shaida za ka bayar."

Mutumin da aka yi kwana da kwanaki ana roƙo ya motsa, sai ga shi yana kiran matarsa ta kawo masa babbar riga da hular da yake zuwa ɗaurin aure da ita. Ya sa aka ƙara wa ƙafar ƙyalle, aka zura mata safa, aka fesa turare. A mota sai maimaita abin da zai faɗa yake yi. Matar tana kallon Inna, Inna tana kallon titi. A matakala su biyu suka tallafe shi, yana cije leɓe, gumi na zuba, amma yana cewa ba komai, dafin ne.

Dokta ya ga dattijo mai furfura da kamala, sai ya washe baki. Ya zaunar da shi gaban littattafai, ya kunna fitilar zobe, ya gyara masa hula, ya saita waya.

"Baba, ka saki jiki. Ka faɗi yadda kake da, da yadda kake yanzu."

"Bari ya nuna maka yadda yake yanzu," in ji Inna.

Ta durƙusa, ta zare safar, ta fara warware ƙyallen. Auta ya ce, "Yaya, mene ne haka?" Ba ta kula shi ba. Na sama ya fita da sauƙi. Na ƙasa ya manne, sai da ta ja. Babban yatsa ya yi baƙi ƙirin kamar gawayi, na kusa da shi ya bi sahu, bayan ƙafar ya kumbura yana ƙyalli, ruwa na tsatsafowa. A ɗakin da ba iska ko ta numfashin sauro, warin ya tashi ya cika ko'ina.

Dokta ya ja da baya ya bangaje fitilarsa. Ya toshe hanci, bai isa ba. Ya juya ya amayar da abin da ya ci a tukunyar shukar roba. Da ya ɗago, idonsa jawur, muryar nan mai laushi ta gudu, ihu ya yi.

"Asibiti! Ku kai shi asibiti yanzu-yanzu! Wane mahaukaci ne ya bar ƙafa ta kai haka?"

"Dokta," in ji Auta a hankali, "ai dafin ne ke fita. Kai ka faɗa."

"Wane dafi? Baba, ruɓewa take yi! Ina allurarka?"

"Na ajiye. Na koma kan naka."

"Nawa? Nawa ai ganye ne da ruwa! Wa ya ce ka ajiye? Mutuwa kake so ka yi mini a ofis?"

Auta ya bi ɗakin da kallo. Ya dubi farar rigar, ya dubi duron da ke ɗaya ɓangaren, wanda bai taɓa gani a waya ba. Sannan ya sunkuyar da kai ya dubi ƙafarsa, kamar yau ya fara ganinta.

"Ka ji dai," in ji Inna. "Ba ni na faɗa ba, likitanka ne. Kai kuma, juyo bayanka."

"Bayana?"

"Mu muka hau da shi, kai za ka sauke shi. Kana da mota a ƙasa, na gani."

Haka masu gyaran waya suka ga Dokta na saukowa da dattijo a goye, yana haki, ƙafar na shafar masa farar riga, tsohuwa na biye tana cewa ya yi a hankali, ba kwali ya ɗauko ba.

A asibiti ma'aikaciyar jinya ta ga farar riga sai ta tambaye shi daga wane asibiti aka turo mara lafiyar. Ya tuɓe rigar ya dunƙule a hammata. Aka shiga da Auta. Layin da Dokta ya faɗa yana nan kuwa, mutane a kan benci har ƙasa, wannan bai yi ƙarya ba, amma mai irin ƙafar nan ba a sa shi a layi. Can likita ta fito, mace ce mai gajeriyar magana. Ta ce yatsu biyu sun riga sun mutu, dole a cire. Sauran ƙafar za su yi ƙoƙari, sai sun buɗe sun ga inda abin ya tsaya.

Dokta ya laluba aljihu zai sulale, bai ji makullin mota ba. Tun a bakin ƙofa Inna ta zare shi, ta ƙulle a bakin zane.

"Inna, na kawo shi, me kuma ya rage?"

"Wanda na sani ka kawo. Sauran fa, waɗanda suka ga fuskata? Kunna wayar. Ba irin bidiyon da kake yankawa ba, irin wanda mutane ke gani a lokacin da ake yi."

Ya roƙe ta, ya ce za ta kashe masa sana'a. Ta ce ita ba ta hana shi citta da tafarnuwarsa ba. Ya kunna. Ya fara gunaguni, wai an samu ɗan kuskure wajen haɗa wani bidiyo. Ta fizge wayar, ta riƙe ta kusa da hanci kamar madubi.

"Ni ce tsohuwar nan da kuka gani. Ban taɓa yin suga ba, gwiwa ce, kuma man shafawa ya ba ni. Baƙin ruwan nan ko ɗanɗana shi ban yi ba, kwalbar kawai na wanke. Ga ni a asibiti, ƙanena na ciki ana yanke masa yatsu saboda ya gaskata abin da ban faɗa ba. Duk mai allura ya koma kan allurarsa. Wanda kuma ya kwafi fuskata ya sa a shafinsa, ban yafe ba, duniya da lahira."

Rubutu ya yi ta gudu a ƙasan gilashin. Ta miƙa wa matar Auta ta ce ta karanta mata. Wasu na cewa Allah ya saka mata. Wani ya ce likitocin asibiti ne suka saye ta. Wata ta ce ba wannan ce tsohuwar ba, waccan ta fi ta haske. Wani kuma yana tambaya a ina zai samu kwalbar.

"A ina zai samu!" in ji Inna. "Ku ji jaki. Ce masa ya zo nan, ɗaki na ƙarshe, ya ga inda ake samu."

Ta kwance makullin ta jefa wa Dokta a ƙasa, ya sunkuya ya ɗauka, bai waiwayo ba.

Sai bayan isha'i aka bar su suka shiga. Auta na kwance, an ɗaura masa ruwa, fuskarsa ta faɗa. Ya ga yayarsa sai ya juya kai wajen bango.

"Yaya."

"Kar ka ce komai. In ka buɗe baki zan iya marinka a gadon asibiti."

Bai iya daurewa ba.

"Ba na jin ƙafar. Ki duba mini, don Allah. Ni ba zan iya ba."

Ta kama bakin zanen gadon ta ɗaga. Ga bandeji fari, an naɗe shi har idon sawu, amma ga diddige, ga tafin ƙafa, ga ƙananan yatsu sun leƙo.

"Tana nan. An rage ta, amma tana nan."

"Nawa suka bar mini?"

"Uku. Sun ishe ka taka keke."